Aro Ne, Ba Kyauta Ba

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Haka na buɗe ido na tarar a unguwarmu ta Fezzan a Maiduguri, haka kakarmu ta zo da abin daga Kano tare da tukwanenta, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba. Ba kya kiran sunansa, ba kya yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki ki kau da kai, wata ta zo ta ɗaga shi. Alkunya ke nan. Matar da ta riƙe ta da kyau yabonta ake yi, ni kuwa ba yabon kai ba, na sha yabo.

'Yata ta fari mace ce. "Ke" nake ce mata, in kuma zancenta ya taso a cikin mutane sai in ce "yarinyar nan". Ita kuma Yaya take ce min, don ta tashi ta ji ƙannena suna kira na haka. Babu wanda ya gyara mata, ni ma ban gyara ba. Ina ni ina gyarawa? Ai gyarawar ita ce rashin kunyar.

Da gari ya rikice aka rufe makarantu, wasu ma aka cika su da mutanen ƙauyuka da suka gudo, sai babanta ya ce ba zai zuba ido karatunta ya mutu ba. Aka shirya kai ta Kano wurin ƙanwata, wadda take bi na, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita a can take aure, 'ya'yanta duk maza, kullum kukanta ba ta da 'yar da za ta yi wa kitso. Ranar tafiyar ina gaban gaushi ina soya turaren wuta, sana'ata ke nan. Yarinyar ta zo ta durƙusa ta ce, "Yaya, mun tafi." Na ce, "To, a gaishe su," ban ɗago ba. Maƙwabta da suka ga idona ya yi ja suka ce hayaƙi ne, na ce ƙwarai kuwa.

Bayan nan aka yanke layin waya a garin gaba ɗaya, watanni babu ko gaisuwa. Da layin ya dawo, babanta ne ke magana da ita. Ni sai in ɗauko mafici in zauna kusa da ƙofar ɗakinsa ina fifita garwashin da bai nemi fifita ba. A nan na fara jin abin da ya tsaya min a rai. Ƙanwata tana ƙwala wa yarinyar kira daga can cikin gidanta, tana jan sunan, tana yi masa ado kamar ita ta raɗa shi, yarinyar kuma ta amsa, "Na'am, Mami!" Wai Mami. Sai ka ce ita ta durƙusa ta haife ta. Abin da ya ƙara ƙona min rai, muryarmu ɗaya da ƙanwar nan tawa. Innarmu kanta, Allah ya ji ƙanta, in muna bayan labule sai ta tambayi wace ce a cikinmu. Wato da muryata ake kiran 'yata, ni ina zaune ina fifita wuta.

Zan faɗa ba ɓoye-ɓoye: kishi nake yi. Wallahi ban taɓa yin kishi a kan namiji irin wanda na yi a kan yarinyar nan ba.

Shekaru suka tura, ta zo mana hutu ana tsakiyar kakar zaɓe. Ta yi tsawo har ta fi ni, Hausarta ta koma ta Kanawa zalla, Kanurin da ta koya a bakin ƙawayenta na unguwa ya zube a hanya, sai gaisuwar "wushe" kawai ta rage mata. In na kaɗa miyar kuka ta ɗanɗana ta ce, "Mami ba ta sa daddawa da yawa haka." In na naɗe tabarma ta ce, "Mami ta nan gefen take farawa." Mami ta ce, Mami ta yi, Mami ta saya min. Ni dai ta ciki na ciki, sai in ce, "Allah ya saka mata," in tashi in ba ta wuri.

Ana haka ƙanwata ta kira babanta. Ba ni ta kira ba, ta san hanya. Ta roƙe shi a bar mata yarinyar gaba ɗaya, ta riƙe ta har aure, a ɗakinta za a yi mata lalle, ita za ta yi mata kayan ɗaki. Ya fito tsakar gida ya same ni ina tsince itacen turare, yarinyar tana bakin madafa tana wanke-wanke, ya ce, "Kin ji abin da 'yar'uwarki take nema. Me kika ce?"

Me zan ce? Akwai amsar da uwar 'yar fari take bayarwa, ita na bayar. Na ce, "Ni ina ruwana? 'Yarta ce, ta yi yadda ta ga dama da ita."

To, abin da mutane ba su sani ba, wannan amsar ba ita kaɗai take tafiya ba. In uwa ta faɗe ta, akwai tsohuwar da ke zaune a gefe wadda za ta karɓe zancen ta ce, "A'a, ba za a yi haka ba, yarinya ta dawo gaban uwarta." Uwa ta yi alkunya, tsohuwa ta yi mata faɗan, kowa ya fita da mutuncinsa. Haka Inna ta yi wa yayarmu, haka aka yi wa Inna. Amma Inna ta rasu, surukata kuma tun farkon rikici ɗanta na Bauchi ya zo ya ɗauke ta. Na juya hagu na juya dama, babu tsohuwa ko ɗaya a gidan. Maigidan kuwa, Allah ya ba shi lafiya, mutum ne da in ka ce masa ka ƙoshi sai ya ɗauke kwanon. Ya ce, "To, madalla, kin sauƙaƙa. Ranar Asabar in na sa ta a mota sai in faɗa musu an ba su."

Na ji ƙarar kwanon da ya suɓuce wa yarinyar a bakin madafa. A ranar ta ninke kayanta tsaf ta zuba a jaka, ta jingine jakar a bayan ƙofa inda kullum sai na gan ta.

Ana gobe za ta tafi aka yi muhawarar masu neman kujerar gwamna a talabijin. Da la'asar aka sa ta saboda dokar hana fita. Babanta ya tafi kallo cikin maza a gidan wani abokinsa, ƙannenta suna Islamiyya a bayan gidanmu. Dama na ji yarinyar tana ce wa babanta tana son gani, wai a makarantarsu ana sa su muhawara, har kofi ta taɓa ciyowa. Kofi! Ni ban taɓa ji ba sai ranar. Yana can a falon Mami an ɗora shi a kan kabad, baƙi suna ta sa albarka.

Babu wuta, dama ba a maganarta. Ni da nake yi wa maigida mita a kan man janareta, ni na aika aka sayo, na ce wai ina so in ga fuskokin maƙaryata. Na kwaso kwalabe da turaren da zan ɗura na baje a tabarma, don kada a ce zama na zo yi da ita. Ta zauna a can ƙarshen tabarmar ta naɗe ƙafa. Rabon da mu zauna mu biyu a ɗaki ɗaya babu na uku, wallahi na manta.

Su uku aka jera, kowa a bayan ɗan teburinsa, wata 'yar jarida tana jefa musu tambayoyi. Akwai mai gilashi, Turanci yake zubawa babu numfashi. Akwai dattijo siriri mai tsagar Kanuri. Sai wani jibgege da babbar riga, yana ta share gumi da hankici. Wannan na ukun na tsane shi tun ranar da yaransa suka lulluɓe min katangar da na sha wahalar shafewa da hotunansa, na wuni ina kankarewa da wuƙa. Duk unguwa an san na rantse ko shi kaɗai ya tsaya ba zan dangwala masa ba.

Mai gilashi ya fara, na ce, "Ke, me yake cewa?" Ta fara fassara min a hankali, tana haɗa hannu kamar yadda malamai suke yi. Daɗi ya kama ni, na sunkuyar da kai kan kwalabe don kada ta gani. Ko jimla biyar ba ta yi ba wayarta ta yi ƙara.

"Mami! Kina kallo? Ku ma kuna kama tashar?"

Ta buɗe muryar wayar ta ajiye ta a tabarma, tsakanina da ita. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ina wuni?" Na ce, "Lafiya." Daga nan aka manta da ni. Mai gilashi ya yi magana, su kwashe da dariya tare. Jibgege ya yi tuntuɓen harshe, ƙanwata ta kwaikwaye shi, yarinyar ta riƙe ciki har da hawaye. Ban taɓa sanin haka take dariya ba, da kai a baya, irin dariyar Inna. Na sayi mai da kuɗin turarena don wata ta ji daɗin hira daga Kano. Kwalba ɗaya na cika ta har ta zube, na sake juyewa na fara daga farko.

Can 'yar jaridar ta yi tambaya a kan makarantu da yaran da aka kwashe zuwa wasu garuruwa. Jibgege ya karɓa da Hausa, ya bugi teburi ya ce duk wanda ya kai ɗansa wani gari ya shirya dawo da shi, gari ba ya tashi da tsofaffi kaɗai, ɗan Maiduguri a Maiduguri zai girma.

Ƙanwata ta ja tsaki daga cikin waya ta ce, "Ya fara dawo da nasa tukuna mu gani."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Gaskiya ya faɗa! Kaf cikinsu shi kaɗai ne mai hankali. Dubi yadda yake magana tsakani da Allah."

Yarinyar ta juyo ta zuba min ido. "Yaya, ba shi ne mai hotunan katanga ba? Ba ke kika ce ko shi kaɗai ya tsaya..."

"Katanga ai an wanke. Mutum ba ya tuba ne?"

Ƙanwata ta fashe da dariya ta ce, "Lallai an kai wa Yaya atamfa da sabulu." Suka sake kwashewa. Na ji kamar in ɗauki wayar nan in tsoma ta a randa. Haka na zauna ina kare mutumin da na tsana, duk abin da ya faɗa in ce haka ne, har da inda ya yi alkawarin abin da ko mahaukaci ya san ba zai yiwu ba.

Da aka zo kan dattijon, ya fara da Hausa, can sai ya juya harshe zuwa Kanuri. Ƙanwata ta daɗe da barin gari, nata Kanurin ya tsufa. Yarinyar ta matso kaɗan ta ce, "Yaya, me ya ce?"

Yau ga ranata. Ga abin da Mami ba ta da shi a kan kabad.

Mutumin nan maganar manoman shinkafa na Zabarmari yake yi, yadda za a raka su gona a kuma kai musu taki. Ita ke nan maganar. Amma da na buɗe baki sai na ji ina cewa, "Ya ce ba duk mai shiru ne ba ya so ba. Ya ce akwai wanda zai ba da abu da baki, alhali zuciyarsa tana riƙe da shi da hannu biyu. Ya ce wanda ya tafi ya riƙa tunawa akwai masu duban hanya, ko ba su faɗa ba." Ina faɗa ina toshe bakin kwalba, ban kalle ta ba. Dattijo ya gama tuntuni, ni ban gama ba.

Ta ce, "Duk wannan ya faɗa? Ni fa na ji kamar ya ce Zabarmari."

"To su mutanen Zabarmarin ba su da 'ya'ya ne?"

Daga waya aka ce, "Anya, Yaya? Ni kamar maganar taki na tsinta." Yarinyar ta yi murmushi ta koma ƙarshen tabarmarta. Na yi hannunka mai sanda, babu wanda ya duba hannun balle sandar.

Sai muka ji dummm.

Ba kusa ba ne. Mu da muka zauna a garin muna gane nisa daga yadda kwanon rufi ya amsa, wannan kuwa ɗan kaɗawa ya yi, kwalabena suka gogi juna suka yi shiru. Daga baya aka ce a can bakin gari bam ya tashi. Amma ita yarinyar ta manta wannan karatun. Ta miƙe zumbur tana salati, ta ce, "Yara! Suna Islamiyya!" ta yi waje da gudu ko mayafi babu. Ƙa'idar da kowane yaro a unguwar ya sani ita ce ba a fita bayan ƙara ta farko. Malaminsu yana kulle ƙofa ya zaunar da su har gari ya lafa, wanda ya fita titi shi ne a cikin haɗari. Ta ɗaga labule, ta kusa tsakiyar gida, zaure take nufi.

Na ƙwala mata kira. Ba "ke" ba. Sunan ne ya fito, cikakke, da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Ta tsaya cak. Ta juyo da sauri ta dawo bakin ƙofa, idonta a kan wayar da ke tabarma, ta ce, "Na'am, Mami?"

Wallahi da mari ta kwaɗa min da ya fi sauƙi.

Can ƙanwata ta ce, a sanyaye, "Ba ni ba ce."

Yarinyar ta ɗago kai daga wayar ta dube ni. Ni ma karon farko na dube ta sosai, ido cikin ido, ban kau da kai ba. A talabijin 'yar jaridar tana ba mutane haƙuri tana cewa a kwantar da hankali, jibgege yana gyara hularsa. Na ce, "Dawo ki zauna. Malam ya kulle su, babu abin da zai same su in sha Allahu." Ta shigo ta zauna.

Ƙanwata ta farfaɗo. Ta shiga faɗa tana kiran sunan yarinyar, "Kin ji ko? Kin ji irinta ko? A wannan garin za a bar min ke? Ki rufe jakarki, gobe da sassafe ki taho, kuma kin taho ke nan!"

Na miƙa hannu na ɗauki wayar. Babu tsohuwar da za ta yi min faɗan, to ni ma ai na fara furfura.

Na ce, "Saurara ki ji. Gobe za ta hau mota ta zo ta ƙarasa karatunta, don ba ni da makarantar da zan sa ta a nan. Kin riƙe ta da amana, Allah ya biya ki, ban da bakin gode miki. Amma aro na ba ki, ba kyauta ba. Ranar da ta rubuta jarrabawar ƙarshe ki sako min 'yata a mota. A ɗakina za a yi mata lalle."

"Yaya! 'Yar farin? A gabanta? Yau kuma ina alkunyar?"

"Tana nan. Na ajiye ta ne, gobe in ɗauka."

"Amma babanta ya ce kin ce..."

"Na ce. Yanzu kuma ga abin da na ce."

Na ji muryarta ta karye, ta ce sai anjima, ta kashe. Ban ji daɗin kukanta ba, 'yar'uwata ce, kuma ita ma son yarinyar take yi. Amma in na ce ban ji wani sanyi ya ratsa ni ba na yi ƙarya.

Washegari ta tafi. Da ta gama karatun ta dawo, a ɗakina kuma aka yi lallen. Har yau Mami take ce wa ƙanwata ni kuma Yaya, har yau in na ji sai abin ya sosa min rai, kofin nan ma yana can bai dawo ba. Jibgege kuwa ban dangwala masa ba, rantsuwa ai rantsuwa ce.

A yammacin dai, bayan an kashe wayar, mun zauna muna kallon mutum uku suna ta alkawari babu mai jin su. Ta matso har gwiwarta ta taɓa tawa, ta ɗauki kwalba ta fara taya ni ɗuri. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Yaya, ashe kin san sunana."

Na ce, "Wa kike zaton ya zaɓe shi? Ni na raɗa wa gwaggonki a kunne, ita ta kai wa babanki kamar nata."

Ta juya kwalbar a hannu. "Ki sake faɗa."

"Ke, tashi ki kashe janareta, mai yake sha a banza."

Ta tashi tana dariya, ta bar wayar a kan tabarma. Na bari sai da ta ɗaga labule ta ba ni baya, sannan na faɗe shi, a hankali wannan karon, yadda na sha faɗarsa a zuci ina gaban gaushi.

Ba ta ko kalli wayar ba. Ta ce, "Na'am, Yaya."